Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazari Kan Fasahar Tsiron Dawa

Duk wanda ya san Maiduguri ya san ba don mu aka yanka GRA ba. Tun da Turawa suka kafa sansaninsu a nan a 1907, Shehun Borno kuma ya tare a Yerwa, tsarin da suka bi shi ne wanda suka bi a sauran garuruwan Arewa: Bature a gefe guda, 'yan ƙasa a ɗaya gefen, a tsakani a bar fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa, wai don kada sauron gari ya kai wa Bature zazzaɓi. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne har abin sha sai da aka shata wa iyaka. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Lugard kuwa ya riƙe wannan hani hannu bibbiyu a Arewa, tunda ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba. Aka wayi gari abin sha ya kasu uku. Razdan da Di'o suna kurɓar wiski a kulob ɗinsu, baƙin ma'aikata suna neman ta kwalba a unguwannin da aka keɓe musu, manomin da bai musulunta ba kuma aka bar shi da tukunyarsa ta burkutu a bayan gida.

A cikin ukun nan ta ƙarshen ce kaɗai haifaffiyar ƙasar nan, ita ce kuma ba mu taɓa zama mun nazarta ba. Dalilin a fili yake. Musulunci ya shiga gidan sarautar Kanem tun ƙarni na 11, hukuncin giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, bai bar wa kowa ƙofar musu ba, malaman Malikiyya da muke bi kuma sun tsaya a kan cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ban zo sassauta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sai dai haramcin sha daban, sanin yadda ƙwayar dawa ke rikiɗa daban. Ƙyamar da muke yi wa na farko ta sa mun yi sake da na biyu, alhali kullum iyayenmu mata suna aiki da shi a madafa ba tare da kowa ya kira shi ilimi ba.

A mafi yawan wurare burkutu sana'ar mata ce, kuma aikin kusan mako guda ne. Da jiƙo ake farawa: a zuba dawa, galibi ja, ta kwana a ruwa. A tsane ta, a baza a tabarma cikin inuwa, a lulluɓe da ganye ko jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Wanda ya ɗaga buhun a kwana na uku zai ji ɗumi ya bugi hannunsa, ya ga fararen saiwoyi sun sarƙe da juna har sai an sa yatsu an warware. In ya tauna ƙwaya ɗaya zai ji ta yi laushi, da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe. A nan ake gane gwana. In ta yi gaggawar shanyawa, tsiron bai yi ƙarfi ba. In ta yi sanya ya zarce, ya cinye abincin da ke cikin ƙwayar, ko fumfuna ta kama duka tabarmar. Idan ya kai yadda take so sai ta shanya a rana, ta murje saiwoyin, ta sheƙe, ta kai niƙa.

Murjewar nan ba ta ado ba ce. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa ɗanyen tsiron dawa, musamman gyauro, yana iya kashe saniya cikin ɗan lokaci. Masana sun gano wani sinadari ne mai suna dhurrin da ke taruwa a tsiro da saiwa, yana sakin gubar sayanayid. Shanyawa da murjewa da doguwar tafasa su ne ke karya lagonsa.

Mataki na gaba shi ne ƙashin bayan sana'ar, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Idan ƙwaya ta tsira takan samar da wasu sinadarai waɗanda aikinsu farfasa sitaci ya koma sukari, don ɗan tsiron ya samu abin ci kafin ya yi ganye. Su mai haɗawa take farauta. To amma dawa tana da wani taurin kai da sha'ir, hatsin da Turawa ke yin giyarsu da shi, ba shi da shi. Sitacin sha'ir yana nuna a zafin digiri 60 da 'yan kai, zafin da sinadaran ke iya jurewa, saboda haka tukunya ɗaya ta wadatar. Sitacin dawa kuwa sai zafi ya kai digiri 70 ko ya haura kafin ya nuna, a daidai nan kuma sinadaran suka fara mutuwa. In ka dafa sosai ka kashe ma'aikatan, in ka ƙi dafawa ba su da abin yi wa aiki. Ga yadda matan suka ɓullo wa abin: a dama garin da ruwa marar zafi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe, domin a cikinsa sinadaran suka narke. Sai a ɗora kaurin da ya kwanta a wuta har ya nuna, a sauke ya ɗan huce, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Ba ma'aunin zafi, ba agogo, sai yatsa da ido da hanci. Daga Burkina Faso inda ake ce mata dolo, zuwa arewacin Ghana inda take fito, har arewacin Kamaru da Chadi inda take bilbil, za ka tarar da irin wannan dabara.

Sauran aikin gajere ne. A bar ruwan zaƙin ya kwana ya ɗauki tsami, a tafasa shi sa'o'i, ya huce, a zuba masa ragowar tsohon haɗi ko a juye shi a randar da ba a wanke cikinta ƙal ba, ya kwana ɗaya ko biyu yana kumfa. Sai a 1857 Louis Pasteur ya tabbatar wa Turai cewa ƙananan halittu ne ke wannan aiki, sai a 1883 kuma Emil Hansen ya ware tsantsar yis a kamfanin Carlsberg na Denmark. Mai burkutu ba ta san sunan yis ba, amma ta san randar da ke "tashi" da wadda ta mutu.

Ita burkutu ba ta ajiyuwa. Ana shan ta tana kan kumfa, bayan kwana biyu ko uku ta koma tsami zalla. Ina ganin wannan gajeren rai nata shi ya tsara matsayinta a cikin al'umma fiye da komai. Abin da ba ya ajiyuwa ba a ɓoye shi a ɗaka, dole a tara jama'a a kansa. Shi ya sa ta zama ladan gayya: mai gona ya sa a haɗa, maƙwabta su zo su yi masa noma, a zauna gindin itace ƙwarya na zagayawa. Robert Netting, wanda ya zauna da Kofyar na ƙasar Filato, ya wallafa nazari a 1964 yana nuna giyar dawa a wurinsu ita ce kuɗin ƙwadago, ita ce tarar mai laifi, ita ce ta biki da makoki. Walter van Beek ya tarar Higi da Kapsiki na duwatsun Mandara, maƙwabtan kudancin Borno, suna da iri biyu, ja wadda maza ke haɗawa don tsafi da bukukuwa, da fara wadda mata ke kaiwa kasuwa. Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Littafin Joseph Greenberg na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano ya nuna yadda giya ke cikin bukukuwansu da sadaukarwarsu, har ta zama ɗaya daga cikin alamomin da ke raba Bamaguje da ɗan'uwansa da ya musulunta.

Masu nazarin al'ada daga waje sukan yi wa wannan hoto kwalliya fiye da kima. Burkutu tana cin hatsi, tana cin itace, a ƙasar da rumbu kan ƙare kafin kaka. Da kuɗi ya shigo, ta tashi daga abin gayya ta koma abin kullum a mashaya, ba a rasa gidan da maigida ya auna dawar tuwo ya kai aka mayar masa da ita maye. Ba Musulmi kaɗai suka ga haka ba. 'Yan mishan da suka sauka Garkida a 1923, waɗanda cocin EYN ta tsiro daga aikinsu, ba su yi wa giya da sauƙi ba a ƙasar Bura da Margi. Ga kuma ha'inci, inda mai sayarwa ke ƙara wasu abubuwa don abin ya fi bugarwa. Mafi muni shi ne tatacciyar barasa ta bayan fage: a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai gubar metanol.

Yanzu mu shiga madafar wata Hajiya a GRA ranar jajibirin suna, gidan da ko sunan burkutu ba a ambata. An jiƙa gero tun jiya, an markaɗa shi da citta da kanumfari da ɗan barkono. An raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa an sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kason, wanda aka markaɗa da busasshen dankali ko tsiron hatsi, yana gefe ɗanye. Yarinya ta ɗauko shi za ta juye, Hajiya ta daka mata tsawa: "Ke, dakata! Bari ya sha iska tukuna, in kin zuba yanzu kin kashe shi." Ta taɓa jikin robar da bayan hannu, ta jira, sannan ta ce a zuba. Aka rufe aka kwanta. Da asuba kunun da aka bari da kauri ya tsinke, ya yi zaƙi tun kafin a sa masa sukari.

Wannan fa ita ce dabarar da na bayyana a sama, ba ragi ba ƙari: a dafa sitaci daban, a kare sinadarai daga wuta, a haɗa su idan zafi ya sauka. Dankali yana ɗauke da irin sinadarin da tsiro ke da shi. Kunun zaƙi da burkutu hanyarsu ɗaya har zuwa wata mararraba. A nan mai kunu ta tace ta raba wa jama'a, mai burkutu kuma ta ba yis kwana biyu ya cinye sukarin ya mayar da shi maye. Mutanen Sudan, waɗanda hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta haɗa mu da su shekaru aru-aru, sun kai wannan fasaha wani mataki. Hilu-mur, abin buɗa-bakinsu na azumi, da tsiron dawa ake yin sa: a niƙa, a sa kayan ƙamshi, a bari ya yi tsami, a gasa shi fale-fale a kan tanda, a ajiye, in Ramadan ya zo a jiƙa a tace. Ba wanda ya taɓa ce musu sun kusanci haram.

Magabata ma sun san wannan mararraba. A babin nabiz, wato jiƙon dabino ko zabibi, hadisai sun nuna ana sha matuƙar bai yi ƙarfi ba, in ya kai kwana uku ko ya fara tafasa da kansa a zubar. Tambayar tana nan da ranta a yau. Robar kunun da ta wuni ta kwana a zafin Maiduguri na watan Afrilu, wuta kuma ba ta zo ba, takan kumbura, in an murɗa murfin ta yi huci. Matan gida sukan ce "ya juya", su zubar. Mai talla da ta sa jarinta a ciki ba lalle ta zubar ba. Da malamin fiƙihu da malamin kimiyyar abinci za su zauna kan wannan ƙaramar mas'ala, da sun amfani mutane fiye da muhawarori da yawa da ake yi a rediyo.

Waɗanda suka ɗauki ilimin tsiron dawa da muhimmanci su ne kamfanoni, su ma da tilas. Nigerian Breweries ta fitar da Star a Legas a 1949, ta buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, Guinness kuma ta kafa tata a Ikeja a farkon shekarun 1960, dukansu da tsiron sha'ir na Turai suke aiki. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi don tsimin kuɗin waje. Ido ya raina fata. Aka koma kan dawa, aka nemi irin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta inganta, irin su gajeriyar kaura SK5912, masana kuma suka yi ta gwaji kan yadda za a shawo kan matsalar zafin nan. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka tsaya a kai ita ce tsiyaye ruwa, dafa kauri, a sake haɗawa. Abin da tsohuwa ke yi a bayan gida da ƙwarya, shi aka rubuta a mujallun kimiyya da Turanci. Ko bayan an ɗage hanin, dawa ba ta bar masana'antar ba, har Nigerian Breweries ta gina katafariyar ma'aikatar tsiron dawa a Aba. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, kuma wani kaso na abin da manomin Arewa ya girbe can yake tafiya.

Daga can kuma yake dawo mana. Maltina, wadda ta fito a 1976, da Malta Guinness da 'yan'uwansu, ruwan zaƙin tsiro ne da ba a bari yis ya taɓa ba, aka ƙara masa sukari da launi, aka dafa shi a cikin kwalba don ya daɗe. Ba a ɗaurin aure ko walima a GRA ba tare da katan-katan ɗinsu ba. Karanta jikin gwangwanin, sau da yawa za ka ga sunan dawa. Muna sayar da buhu, muna sayen kurɓi, kunun gidanmu kuwa mun bar shi a tsofaffin robobin ruwa da yara suka tsinto.

Ta ɓangaren doka, Borno ta daɗe da yanke hukunci. Bayan Zamfara ta buɗe ƙofar shari'a a 1999, Borno ta yi dokar hana cinikin giya a 2000 zamanin Mala Kachalla, gwamnatin Kashim Shettima ta sake farfaɗo da ita a 2017 tana mai keɓe barikoki, Gwamna Babagana Zulum ma ya nanata hanin a 2025. Abin da ya rage ya taru a mami, kasuwar bariki, wadda ita kanta asalinta abin sha ne marar maye: a 1959 a Inugu wata matar soja, Mammy Ochefu, ta fara sayar da enyi, ɗan'uwan kunu na Idoma. Maiduguri ta kuma ga yadda ake fakewa da hani a zubar da jini. A ranar 26 ga Yuni 2011 'yan Boko Haram suka kai hari wata mashaya a unguwar Dala suka kashe mutum aƙalla 25, wata guda bayan fashewar bam a mamin barikin Shadawanka a Bauchi. Babu mazhabar da ta ce hukuncin mashayi ke nan. Shi kuwa maye bai bar gari ba, riga ya sauya. Binciken da BBC ta fitar a 2018 kan kodin shi ya sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi. Kodin da tiramol ba su da wari, ba sa buƙatar tukunya, suna shiga aljihun ɗan makaranta.

A ƙasashen Yamma kuwa, haɗa giya a gida ya zama abin yayi. Amurka, wadda ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, sai a 1978 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya haɗa tasa a gida. A lokacin masana'antun giya a ƙasar ba su kai 100 ba, yanzu sun haura 9,000, mafi yawansu ƙanana. A Ingila wata ƙungiya mai suna CAMRA ta tashi tun 1971 don kare giyar gargajiya daga ta manyan kamfanoni. Yayin ya iso Najeriya, inda Bature Brewery ta fara a Abuja a 2017 kafin ta koma Legas. Abin da suke sha ba namu ba ne, amma dubi abin da suke tutiya da shi: hatsin yankinsu, ƙaramar tukunya, sunan wanda ya haɗa, ɗanɗanon da ya bambanta daga gari zuwa gari. Mai kunun unguwarmu duk tana da waɗannan. Abu biyu ta rasa, awo a rubuce da kuma mutunci a idon mai saye.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana Istanbul. Shagon Vefa tun 1876 yake sayar da boza, abin sha mai kauri na dangin gero, mai zaƙi da ɗan tsami, zuri'a ɗaya ke riƙe da shi, baƙi daga ƙasashe suna layi a ƙofarsa. Ba abin da boza ta fi kunun zaƙi ko ardeb ɗin Barebari da shi, illa an tsaya an daidaita awonta, an tsabtace mazubinta, an kuma yi alfahari da ita.

Kayan aikin duk suna cikin garin nan. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi tana da alhakin inganta gero da alkama da sha'ir. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen kimiyyar abinci. Ga masakwa, dawar rani da ake dasawa a ƙasar firgi bayan ruwa ya janye, wadda ba kowace ƙasa ke da irinta ba. Abin da ake nema a wurinsu a bayyane yake: wane iri ne ya fi ba da tsiro mai zaƙi, zafi nawa ne daidai lokacin haɗa ƙullu, ta yaya kunu zai yi mako biyu a kwalba bai juya ba kuma bai rasa ɗanɗanonsa ba, a farashin da mai ƙaramin jari za ta iya. Amsar ta fito da Hausa da Kanuri, a kai ta ga mata masu sana'ar, kada ta tsaya a kundin digiri.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku da kununta ya yi suna a dangi, ɗauki takarda da biro ka zauna kusa da ita ranar da za ta dama. Tambaye ta mudu nawa, dankali nawa, yaya take gane zafin ya yi daidai, me take yi in tsiro ya ƙi. Rubuta yadda ta faɗa, ka sa sunanta a saman takardar.